Taurin Sitiyari da Sanyin Safiya

Duk shekara idan hunturu ya kankama, daga Disamba zuwa Janairu, sai ka ji masu motoci suna kuka da abu guda: mutum ya tada mota da asuba, ya zo fitowa daga gida, sai sitiyari ya ƙi juyawa sai da ƙarfin tsiya, amma da zarar injin ya ɗauki zafi sai komai ya koma daidai. Wannan komawa daidai ita ce ke yaudarar mutane, domin sukan ɗora laifin a kan sanyi su ci gaba da harkarsu. A ganina sanyin Kano ko Zariya, har ma na Jos wanda ya fi su tsanani, bai kai ya taurara lafiyayyen sitiyari ba, sai dai ya tona asirin wata matsala da ta daɗe tana ɓoye.

Yawancin motocin Beljiyam da ke hannunmu suna amfani da sitiyari mai aiki da mai. Akwai famfo da injin ke juyawa ta hanyar bel, shi kuma famfon yana tura man da ƙarfi ta cikin tiyo zuwa rak, wato dogon ƙarfen da ke haɗa sitiyari da tayoyin gaba, inda man yake taimaka wa direba tura tayoyin gaba hagu ko dama. Kowane mai yana yin kauri idan ya yi sanyi, amma sabon mai mai tsabta ba ya yin kaurin da zai hana famfo aiki. Wanda ya shekara da shekaru ba a canza shi ba, ya sha zafi ya ƙone, ya haɗu da datti da ɓarɓashin roba, shi ne yake zama kamar kunun da ya kwana, famfon ya yi ta fama da shi har sai zafin injin ya sassauta shi.

Saboda haka abu na farko shi ne a buɗe bonet tun kafin a tada mota, a duba ɗan tankin man sitiyari. A jikinsa ko a jikin sandar murfinsa akwai alamar ma'auni guda biyu, ɗaya ta lokacin sanyi ɗaya ta lokacin zafi, kuma ta sanyin ake bi da safe. A ɗiga man a kan farar takarda. Idan ja ne ko ruwan zuma mai haske, da sauran amfaninsa. Idan ya yi baƙi yana ƙaurin ƙonewa, ya gama aiki, kuma ƙara sabo a kansa ba zai wadatar ba, sai an zuƙe tsohon an wanke layin. Idan kuwa man ya yi ƙasa, to akwai inda yake yoyo, domin ba ƙonewa yake yi kamar fetur ba, kuma robobin da suka tsufa sukan ƙanƙance da sanyi su bar mai ya fita, iska ta shiga. Alamar shigar iska ita ce kumfa a cikin tankin da kuma kukan famfo idan ana juya sitiyari. Fitar da ita ba wuya: a ɗaga gaban mota da jak, a bar injin a kashe, a riƙa juya sitiyarin a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe kamar sau 20, ana ƙara mai har kumfar ta ɗauke.

Batun irin man da za a zuba yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin a gareji da yawa jan mai ɗaya ake zuba wa kowace mota. Tsofaffin Toyota irin su Camry da Corolla suna karɓar man giya na Dexron, amma Honda tana da nata man na musamman, wasu motocin Jamus kuwa koren mai ne nasu, wanda ake kira CHF 11S. Abin da motar ke so yana rubuce a murfin tankin ko a littafinta, kuma zuba wanda bai dace ba yana iya lalata robobin rak.

Idan man lafiya yake, sai a koma kan bel. Wanda ya saki ko ya tsattsage yana taurara da sanyi ya riƙa zamewa, shi ne ƙarar tsuwwar da ake ji da safe. A kuma duba iskar tayoyin gaba wajen mai faci, domin tana raguwa da kusan psi 1 a ma'aunin iskar taya duk lokacin da yanayi ya sauka da digiri 5 zuwa 6, taya mai ƙarancin iska kuwa tana da nauyin juyawa. Ƙurar hunturu ma tana da nata rabon: idan robar da ta rufe rak ko boljoyin (gaɓar da ke ba taya damar juyawa) ta yage, ƙura takan shiga ta cakuɗe da giris ta busar da shi.

Sababbin motoci, kamar Corolla daga 2009 zuwa sama, ba su da mai ko famfo, wani ƙaramin inji ne na lantarki ke taimaka wa sitiyarin. A nan batir ake fara tuhuma, domin sanyi yana rage masa ƙarfi. Lafiyayyen batir yana nuna kimanin bolt 12.6 a ma'aunin ƙarfin lantarki idan mota a kashe take, da 13.5 zuwa 14.5 idan tana aiki.

Ina roƙon masu motoci kada su yarda bakanike ya kwance famfo ko rak kafin a bi waɗannan ƙananan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, domin su ne masu arha kuma su ne suka fi yawan jawo matsalar. Da safe a bar injin ya yi minti biyu ko uku yana aiki kafin a motsa, kuma kada a danne sitiyari a ƙarshensa fiye da daƙiƙa 5, saboda hakan yana wahalar da famfo. Amma idan taurin bai tafi ba bayan mota ta yi zafi, ko sitiyarin yana kamawa yana saki a kan hanya, to a ajiye motar har sai ƙwararre ya duba ta, kada a ɗauki iyali a hau babban titi da ita.