Da keke a kwarurukan Adar: daga Tawa zuwa Keita da Majiya

Ƙasar Adar ba ta da manyan tsaunuka irin na Abzin. Abin da take da shi tuddai ne masu shimfiɗaɗɗen kai, waɗanda ruwan damina ya yi ta yanka tun zamani mai nisa har ya bar kwaruruka masu faɗi a tsakaninsu. Garin Tawa bai kai mita 400 sama da teku ba, amma daga gabashinsa akwai tuddan da suka haura mita 600, kuma wannan ɗan bambanci ya isa ya sa mai keke ya san cewa ya yi tafiya. A cikin sanyin watan Disamba ni da ƙanena muka ɗaura 'yan kayanmu a kekuna, muka nufi Keita da niyyar mu mai da ita masauki, mu riƙa fita daga can zuwa kowane ɓangare muna dawowa.

Tsakanin Tawa da Keita kimanin kilomita 70 ne, kuma ba nisan ne ke wahalar da mutum ba, iska ce. Hunturu yana busowa daga arewa maso gabas, wanda ya fito daga Tawa kuwa gabas ya fuskanta, saboda haka da iska zai yi ta kokawa har ya sauka. Masu aikin faci na bakin tasha sun ba mu shawarar da ta fi kowace amfani, wato mu tashi da zarar an sallame asuba, domin iska ba ta cika ƙarfi ba sai hantsi ya ɗaga. Haka muka yi. Mun ratsa ƙasar Kalfu yatsunmu na daskarewa a kan birki, muna wuce amalanken jakai masu ɗauke da karan dawa, kuma kafin ƙura ta tashi mun ci rabin hanya.

A Tamaske muka tsaya muka sha fura. Lokacin dashen albasa ne, fadama ta yi kore shar, injinan ban ruwa suna ta ruri, ga rudu, wato rumbunan ajiyar albasa, nan tsaitsaye a gefen lambuna suna jiran amfanin da za a cire idan bazara ta gabato. Manyan gidajen siminti da ke cikin garin yawancinsu da kuɗin cirani aka gina su, domin Adarawa sun daɗe suna tafiya bida zuwa Najeriya da Kwaddebuwa da Kamaru. Ba mu daɗe ba muka ci gaba, kuma kafin la'asar muka gangara cikin kwarin Keita.

Gangarar nan tana da daɗi, amma tana son hankali. Keke mai kaya a baya yana ɗaukar gudu nan da nan, awaki suna tsallaka hanya ba tare da sanarwa ba, sannan a ƙasan kowace gangara, inda ƙorama ke ratsa hanya, akan tarar da yashin da damina ta bari. Tayar keken kwalta siririya ce, idan ta shiga yashi da gudu ba ta yafiya. Mun riƙa rage gudu tun daga sama, muna matsa birki biyu a hankali muna saki, don kada ƙarfen taya ya yi zafi.

Abin da ya kawo ni Keita a gaskiya shi ne in ga aikin da na taso ina jin labarinsa a bakin manya. A zamanin farin 1984, wanda tsofaffi har yanzu ke kira El Buhari, an fara babban aikin farfaɗo da ƙasa a wannan yanki da kuɗin gwamnatin Italiya, hukumar FAO, mai kula da abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tana jagorancin gudanarwa, hukumar PAM, mai rabon abincin agaji ta wannan majalisa, kuma tana ba ma'aikata abinci a madadin lada. A lokacin maza da yawa sun tafi neman abin da za su aiko wa gida, saboda haka mata ne suka ɗauki mafi yawan nauyin. Su suka kwashi duwatsu a ka, suka jera su a kan fako domin su tare gudun ruwa. Su suka haƙa ramuka jere bisa jere a jikin tuddai, kowane rami ya riƙe ruwan sama ya shayar da ɗan icen da aka dasa a cikinsa. A cikin ƙoramu kuma aka gina madatsai da duwatsun da aka ɗaure cikin ragar ƙarfe, domin ruwa ya lafa, ya ajiye laka, ya nutse cikin ƙasa maimakon ya kwashe gona ya wuce. Itatuwan da aka dasa a tsawon shekarun aikin sun kai miliyoyi.

Wanda ke cikin mota ba zai ga wannan ba, zai dai ga tudu da 'yan itatuwa. Mai keke ne ke gani, musamman a wajen hawa, inda gudunsa bai fi na mai tafiya da sauri a ƙasa ba. A hawan da ke fita daga Keita ta kudu na sauya zuwa giya mafi sauƙi ina haki, kuma a kowane tako idona yana kan layukan ramuka da ke zagaye da tudun daga gindi har kusan sama. Dakwara da bagaruwa sun girma a cikinsu, ciyawa ta kama a ƙarƙashi, ga tumaki suna kiwo a wurin da a da marmara ce tsirara. Da na tuna cewa kowane dutse a jerin nan wuyan wata mace ne ya kawo shi, kuma a cikin shekarun yunwa, sai na ji nauyin da ke cikin cinyata ya zama abu kaɗan.

A saman tudun muka gamu da wata dattijuwa da ta ɗauko itace, ta ajiye tana hutawa. Na ce mata, “Sannu da aiki, Inna.” Ta amsa, “Yawwa, sannunku da hanya, 'ya'yana. Daga ina haka da kekuna?” Da ta ji cewa daga Tawa muke, kuma ramukan nan muka zo gani, sai ta nuna mana gefen tudun da ta ce ita da matan ƙauyensu suka yi wannan aiki a kai tun tana goyon ɗanta na fari. Ba ta yi maganar wahala ba sam. Abin da ya dame ta shi ne masu saran itace da ke zuwa daga nesa suna sarewa har gindi, da kuma jerin duwatsun da ruwa ya karya ba a mayar ba. Na ga abin da take faɗa da idona a wurare da dama, kuma ina ganin tana da gaskiya ƙwarai. Aiki irin wannan ba a gama shi, kowace damina tana buɗe wata kafa, kuma kafar da mutum biyu za su toshe bana, baɗi sai an nemo mota da ragar ƙarfe.

Itatuwan nan masu ƙaya ne, kuma mai keke ya shirya wa hakan. Duk inda aka kauce daga tsakiyar hanya zuwa inuwa, ƙaya tana jira. Mun riƙe tayar ciki ta sauyi, da famfo, da kayan faci, kuma mun yi amfani da su. Kowane gari mai kasuwa yana da mai faci, amma kayansa na babur ne da keken ɗaukar kaya, ba lalle ne a samu abin da ya dace da siririyar taya ba.

Fitar da muka yi gabas zuwa Ibohaman gajera ce, ana iya zuwa a dawo kafin azahar, kuma yawancinta cikin kwari ake bi. A can akwai tsohuwar madatsar ruwa da aka gina tun kafin aikin Keita domin noman rani, kuma laka ta cinye mata ciki sosai. Wanda ya tsaya a bakinta zai fahimci dalilin da ya sa aka koma aiki a kan tuddai: ƙasar da ta cika madatsar nan daga sama ta zubo, kuma idan ba a riƙe ta a can ba, a nan za ta ƙare.

Hanyar Buza ita ce mafi wuya a cikin duk waɗanda muka bi. Hawa ne da sauka ba iyaka, a kan tuddai kuma babu inuwa, babu rijiya, sai baƙin dutse da iska. A nan ruwan sha ya fi kome muhimmanci, domin sanyin hunturu yana ɓoye ƙishirwa alhali busasshiyar iska tana tsotse jiki. Mun cika goruna a kowane ƙauye ko da ba su ƙare ba, kuma babu gidan da muka yi sallama aka hana mu ruwa.

Daga Buza muka gangara kwarin Majiya, wadda ruwanta ke bi kudu maso yamma ta wajen Ƙonni har ya shiga Najeriya. A wannan kwari ne ƙungiyar agaji ta CARE ta fara dasa shingayen tare iska a 1975, layi biyu-biyu na dogon yaro, tsakanin shinge da shinge kimanin mita 100, an gicciya su a gaban iska. Na karanta a baya cewa shingayen sun ƙara amfanin gero, amma a kan keke na ji dalilin a jikina. A fili iska tana tura ni gefe har sai na karkata, da na shiga tsakanin layukan sai ta faɗi, feda ta yi sauƙi, ƙura ta daina shiga ido. Abin da ya samu mai keke shi ke samun ɗan tsiron gero a farkon damina, lokacin da guguwa ke tasowa da yashi tana binne shuka. Manoma suna sassabe rassan suna samun itacen girki da na rufin ɗaki, kuma inda aka yi saran da tsari itatuwan sun sake tohowa. Akwai kuma inda layin ya yanke, ya bar giɓi mai faɗi, kuma a daidai nan iska ke dawowa da ƙarfinta.

Game da tsaro, mun bi abin da kowane matafiyi a jihar Tawa ya sani a yanzu. Ba mu nufi arewa ko yamma mai nisa ba, mun riƙa tambayar halin hanya a wurin direbobi da jandarmomi kafin mu fita, ba mu bari magariba ta same mu a daji ba, kuma duk garin da za mu kwana mun fara zuwa gaida mai gari. Takardar shaidar ɗan ƙasa ba ta bar aljihunmu ba.

A komawa mun sake bin Keita da Tamaske, wannan karo iska tana bayanmu, har a wasu wurare ba sai an taka ba. Abin lura a nan shi ne manyan motocin kaya, domin hanyar ba ta da faɗi kuma gefenta tsakuwa ce. Idan aka ji ƙarar mota daga baya, gara a sauka gefe a tsaya ta wuce. Wanda zai maimaita wannan tafiya ya zaɓi tsakanin Nuwamba da Janairu, domin daga Maris zafi ba ya barin a yi dogon zango, da damina kuma ƙoramu suna yanke hanya har sai ruwa ya janye.