Yatsun Daphne

Tun ina karatun zane a jami'ar KNUST a nan Kumasi nake ajiye da hoton wani mutum-mutumi a wayata. Bernini, masassaƙi ɗan Italiya, shi ne ya sassaƙa shi da dutsen marmara tsakanin 1622 da 1625, yana gidan tarihin Borghese a birnin Roma. Tatsuniyar Girkawa ce: abin bautarsu Apollo ya nace wa wata budurwa mai suna Daphne, ta ƙi shi, ya bi ta da gudu. Da ya kusa cafke ta sai ta roƙi mahaifinta ya cece ta, ya mayar da ita bishiya.

Daidai nan Bernini ya tsayar da ita. Yatsun hannunta sun fara fid da ganye, na ƙafa sun zama saiwa, ɓawo na hawa cinyarta, baki a buɗe. A aji, yabon laushin fatarta muka yi ta yi, yadda dutse ya koma kamar tsoka. Gwaninta ce, ban musa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne Kadinal Scipione Borghese, babba a coci, shi ya ba da aikin. A zamaninsu tsiraicin mace kan shiga falon manya idan an laƙaba masa sunan tatsuniya, tsoronta ma ya zama ado.

Jiya a unguwar Aboabo na nuna wa Gwaggo, tana tsintar wake. Ta daɗe tana kallo.

"'Yar nan, ai ihu take yi. Ba wanda ya kawo mata ɗauki?"

Na ce, "Babanta ya kawo, Gwaggo. Shi ya mayar da ita itace."

Ta miƙo mini wayar, ta jawo faifanta.