Na je Argungu ba lokacin biki ba

Kuskurena na farko ƙugiyar da na saya a tasha ce. Na ɗauka tunda Argungu ce, ina isa Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi, sai in samu wuri in jefa. Wani dattijo da ke gyaran koma a gindin bishiya ya dubi ƙugiyar, ya dube ni, ya ce, "Yaro, nan ba a su sai ranar biki, shi ma sai Sarkin Ruwa ya yi izini." Na cusa ta aljihu, kunya kamar in nutse.

Hira ce ta biyo baya. Ya jawo gorarsa ya nuna mini yadda masunci ke kifa ciki a kanta yana iyo, kifin da ya kama kuma ya jefa a cikinta. Bikin da muke kallo a talabijin ya soma ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara bayan doguwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. Ni da na zaci wasan kifi ne kawai, ashe sulhu ne tushensa.

Gidan tarihi na Kanta, wanda tsohuwar fadar sarki ce, na shige shi da rana tsaka don gudun zafi, na fito sai la'asar. Akwai masu da takubba da gangunan yaƙi, da labarin Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, da birninsa Surame tun ƙarni na 16. Da na sani da nan na fara.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai fadama ce. Biki kwanaki kaɗan ne a shekara, shinkafa kuwa kullum. Tun da sassafe ake jin injinan ban ruwa suna tuƙ-tuƙ, ga kore shar iya ganinka a tsakiyar rani. Kamfanin WACOT ya buɗe babbar masana'antar casar shinkafa a garin a 2017, duk da haka manomin da ya ba ni ruwa kukan tsadar fetur da taki yake yi.

Takalmin fata na sa, taɓo ya gama da shi a rana ɗaya. Da yamma na shiga kwale-kwale da silifas na aro, mai tuƙi yana ta ce mini in daina motsi.