Sikirin ɗin da Aka Tallata da Wanda Aka Aiko

Duk wanda sikirin ɗin laftof ɗinsa ya taɓa fashewa, ya kuma shiga intanet neman madadinsa, zai lura da cewa kusan kowace lamba ya rubuta sai ya sami mai sayarwa da ke cewa yana da ita. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya tsaya ya yi tunani, domin nau'o'in sikirin sun kai dubbai, da yawansu ma an daina ƙera su tun shekaru da suka wuce. Kamfanin Samsung, alal misali, ya daina ƙera sikirin na LCD gaba ɗaya a 2022, amma har yanzu ana ganin tallace-tallace masu ɗauke da tsofaffin lambobinsa, ana cewa sababbi ne kuma akwai su da yawa. Abin da yawancin waɗannan 'yan kasuwa ke yi shi ne su ajiye nau'o'i kaɗan waɗanda za su shiga kwamfutoci masu yawa, su lissafa lambobi barkatai a kan tallar domin mai bincike ya faɗo kansu, sannan a can ƙasa, da ƙananan haruffa, su rubuta cewa za a iya aiko da wani samfuri mai dacewa.

Ni dai ba na ganin musanyar ita kanta laifi ce, kuma ya kamata a yi wa masu sayarwa adalci a nan. Kamfanonin laftof irin su Dell da HP da Lenovo ba su ne ke ƙera sikirin ba. Suna saye ne daga masana'antu kaɗan kamar AUO da Innolux na Taiwan, da BOE na Sin, da LG Display na Koriya ta Kudu, da Sharp na Japan. Sau da yawa za a sami laftof biyu iri ɗaya, masu suna ɗaya, da aka ƙera a wata ɗaya, amma sikirin ɗin wannan na AUO ne, na wancan kuma na BOE. Saboda haka wanda ya nace sai lamba ɗaya tak, ba ya karɓar wata ko da ta fi ta, yana wahalar da kansa ne a banza. Inda nake da ja shi ne ma'anar da ake ba wa dacewa. A wurin mai sayarwa, sikirin ya dace idan ya shiga gurbinsa, wayarsa ta shiga soket, ya kuma kawo haske. A wurin wanda zai zauna gabansa sa'o'i da dama kowace rana yana aiki kuwa, wannan somin-taɓi ne kawai, domin Hausawa sun riga sun ce kama da wane ba ta wane.

Lambar da ke jikin sitikar bayan sikirin tana ɗauke da bayani ga wanda ya iya karanta ta. A lambar AUO irin B156HAN, 156 ɗin nan na nufin inci 15.6, harafin H na nufin ɗigo (ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su ba da hoto) 1920 sau 1080, A kuma na nuna cewa sikirin ɗin dangin IPS ne, wato wanda launinsa ba ya canzawa ko daga gefe aka kalle shi. Idan aka canza harafi ɗaya ta koma B156HTN, girma da yawan ɗigo suna nan yadda suke, amma sikirin ɗin ya koma TN, wanda da zarar an ɗan karkata murfin kwamfutar baya ko gaba sai hoton ya dushe ko ya yi duhu. Haka abin yake a wurin BOE tsakanin NV156FHM da NT156FHM. Harafi ɗaya ne bambancin a rubuce, kuma mai saye da bai san da shi ba zai daɗe yana zargin idonsa kafin ya zargi kayan.

Ko da an aiko da IPS a madadin IPS, sauran rina a kaba. Akwai sikirin da ke nuna kashi 45 cikin 100 na launukan NTSC, wani ma'auni na yawan launukan da sikirin ke iya nunawa, akwai kuma mai kashi 72, wanda shi ne ya kusan cike ma'aunin sRGB da ake tsara hotunan intanet a kansa. A kan na farko, ja yakan karkata zuwa ruwan lemo, kuma duk launuka sukan fito a koɗe. Mai rubutu da lissafi zai iya haƙuri da hakan, amma mai gyaran hoto ko zane ba zai iya ba. Haske ma haka, wanda ake auna ƙarfinsa da nit: sikirin mai nit 220 da mai nit 300 ko 400 ba ɗaya ba ne ga wanda ke aiki kusa da taga. Sai kuma saurin sabunta hoto, wanda ake aunawa da Hz, wato sau nawa hoton ke sabuntuwa a daƙiƙa ɗaya, inda mai kwamfutar wasanni da ta zo da 144 Hz zai iya tsintar kansa da 60 Hz. Wani ma yakan yi odar sikirin marar ƙyalli a aiko masa mai sheƙi kamar madubi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai hana kwamfutar kunnuwa, shi ya sa mai sayarwa ke da bakin cewa ai kayan suna aiki.

Musanyar da ta fi haɗari ita ce ta soket. Tsofaffin laftof suna amfani da tsarin haɗa sikirin da kwamfuta da ake kira LVDS, galibi mai fil 40, wato ƙananan haƙoran ƙarfe na cikin soket, yayin da daga wajajen 2013 aka koma eDP, mai fil 30 ga yawancin sikirin na yau da kullum, da kuma mai fil 40 ga masu yawan ɗigo ko masu saurin sabuntawa ko waɗanda ake taɓawa da yatsa. LVDS mai fil 40 da eDP mai fil 40 sun yi kama ƙwarai a ido, wayar ma takan shiga, amma jerin wayoyin cikinsu ya bambanta, kuma haɗa su na iya ƙona fiyus ɗin haske ko wani abu a kan bod ɗin kwamfutar, wato babban allon lantarkin da ke cikinta, gyaran da zai iya fin na sikirin tsada. Ko a ma'aunin jiki ma akwai bambanci, domin inci 15.6 yana zuwa da faɗin kusan milimita 360 mai kunnuwan ɗaure noti, da kuma siriri mai kusan 350 wanda da gam ake manna shi. Wasu kwamfutocin kuma suna karanta bayanan EDID, wato bayanan shaida da masana'anta ta saka a cikin sikirin, idan ba su gane shi ba sai hoto ya fito amma maɓallan ƙara haske da rage shi su daina aiki, matsalar da masu amfani da wasu nau'o'in laftof ɗin ThinkPad na Lenovo suka sani.

Abin da nake yi kafin in biya kuɗi ba shi da wahala, sai dai yana bukatar haƙuri. Ba na dogara da sunan laftof, domin suna ɗaya na iya zuwa da sikirin iri uku ko huɗu. Nakan buɗe murfin in karanta sitikar da kanta, ko kuma, idan sikirin yana ɗan nuna wani abu ko an haɗa wani sikirin na waje, in duba da manhaja irin HWiNFO, mai nuna bayanan sassan kwamfuta. Daga nan sai in nemi lambar a shafin Panelook, inda ake jera bayanan kowane samfuri, in fitar da abubuwan da ba zan yi sassauci a kansu ba. Sannan in rubuta wa mai sayarwa ta akwatin saƙon dandalin da nake sayen, ba ta wata hanya ta daban ba, in tambaye shi ainihin lambar da zai aiko, in kuma nemi hoton sitikarta. Amsar da ya bayar takan isa ta nuna irin mutumin da nake ciniki da shi. Wanda ya ce ba shi da lambata amma ga wadda yake da ita, ga kuma bayananta, wannan ɗan kasuwa ne da za a iya hulɗa da shi, kuma wani lokaci abin da yake da shi ya fi na asalin kyau. Wanda kuwa ya ce kada in damu, zai dace ɗari bisa ɗari, ba tare da ya ambaci lamba ba, nakan bar shi in nemi wani. Amfanin rubutaccen saƙon shi ne, idan rigima ta taso, dandalin zai duba abin da aka yi alkawari, kuma alkawarin da aka yi a saƙo ya fi waccan jimla ta ƙasan talla ƙarfi wajen nuna cewa kayan ba su zo yadda aka siffanta su ba.

Idan kayan sun iso, gaggawa ce ke jawo asara. Kafin komai a gwama sitikar sabon da abin da aka yi alkawari, a kuma lura ko an manna wata sitika a kan ta asali, domin wasu sukan rufe lambar masana'anta da tasu. A cire batir daga bod kafin a taɓa wayar sikirin, saboda ko kwamfutar tana kashe akwai wuta a layin haske. A haɗa sikirin a gwada shi ba tare da an ɓare ledar kariya ta fuskarsa ko an manna gam ba, domin yawancin masu sayarwa ba sa karɓar wanda aka ɓare ko aka manna. Bayan an kunna, a sake duba HWiNFO a ga ko lambar da sikirin ya faɗa da kansa ta yi daidai da ta sitika, a buɗe shafi fari, da baƙi, da ja, da kore, da shuɗi ɗaya bayan ɗaya domin gano matattun ɗigo, a gwada maɓallan haske, a kuma duba saitin Windows a tabbatar da yawan ɗigo da adadin Hz. Idan an ga saɓani, a ɗauki hoton sitikar da na sikirin a kunne, a shigar da ƙorafi a dandalin tun wa'adin mayar da kaya bai ƙare ba, kuma kada a rufe ƙorafin don kawai mai sayarwa ya yi alkawarin zai aiko da wani daga baya.