Tafiyata Harwell, neman mazaunin haidurojin

Daga tashar Paddington ta Landan jirgin ƙasa ya sauke mu a Didcot, bas kuma ta ratsa gonaki da mu har Harwell, kudu da Oxford. A nan cibiyar ISIS take, cikin harabar ɗakin bincike na Rutherford Appleton. Ba ruwanta da ƙungiyar nan mai ɗauke da makamai. Tun 1984 take samar da niyutiron, wato wata ƙwaya da ke cikin cibiyar zarra (atom), domin masu bincike.

Guzurinmu garin gawayi ne baƙi ƙirin, an barbaɗa masa ƙananan ƙwayoyin ƙarfen filatinam, irin wanda ke hanzarta aiki a batirin haidurojin. Tambayarmu ɗaya ce: idan haidurojin ya sauka a kan filatinam, ina yake zama? Bisa zarrar filatinam guda, ko cikin gurbin da ke tsakanin biyu ko uku? Hasken infared, wanda ido ba ya gani, ba ya amsawa, domin gawayin shanye shi yake yi. Shi kuwa niyutiron ba shi da caji, yana ratsa gawayi da gwangwanin alminiyam kamar ruwa a rariya. Amma da ya ci karo da haidurojin sai ya watse, fiye da ninki goma na yadda yake yi da gawayi.

Bayan horo kan kariya, aka rataya mana ma'aunin radiyeshan a ƙirji, muka shiga zauren. Ko'ina tubalan kankare ne jibga-jibga, ga rurin famfuna ba dare ba rana. A can ciki ake harba furoton, wata ƙwayar zarra mai caji, da ƙarfin gaske kan dunƙulen ƙarfen tangistin, niyutiron ya tarwatso, a bi da shi ta bututu zuwa na'urori. Tamu sunanta TOSCA.

Aikin na mai haƙuri ne. Cikin akwatin gilashi mai safar roba muka ɗura garin a gwangwani, don iska kaɗan ta isa ta ɓata shi. Aka zura shi cikin na'urar sanyi har ya kai wajen digiri 250 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salsiyas, saboda zafi na dagula alamar da na'urar ke ɗauka. Muka fara auna shi babu haidurojin, sannan muka ɗumama shi, muka ba shi iskar haidurojin, muka sake sanyayawa, muka sake aunawa. Bambancin awon biyu shi ne rawar haidurojin zalla, wato karkarwar da yake yi a mazauninsa, wadda ke nuna inda yake zaune.

"Malam, zo ka gani," in ji abokiyar aikina can cikin dare, tana nuna allon kwamfuta. Wani tudu mai faɗi ya fara tasowa daga cikin hargitsin layukan, a ɓangaren ƙaramin kuzari, wurin da haidurojin mai riƙe da zarra fiye da ɗaya yake motsi. A ganina wannan tudun ya biya kuɗin jirgi: masana'antu sun daɗe suna cin moriyar filatinam mai tsadar gaske, ga shi yau muna kallon inda aikin yake faruwa. Muka bar na'urar ta ci gaba da ƙirga har asuba domin layin ya ƙara fitowa tas.