Fuskar Alhaji ba ta cikin ƙuri'a

A zaɓen 2023 ni aka ɗora wa tallata wani ɗan takarar majalisar jiha a mazaɓu uku na karkarar Kano ta Arewa. Ba wata gwaninta ce ta kai ni ba. Malamin firamare ne ni, ina da babur, kuma na san wanda ake fara gaisarwa a kowace unguwa kafin a buɗe baki.

Ni na tsara fasta. Na sa aka cika takarda da fuskar Alhaji, hula ta zauna daram, ga murmushi, ita kuwa alamar jam'iyya na cusa ta can ƙasa a kusurwa, ba ta fi kwalin ashana girma ba. A lissafina, jam'iyyarmu ba ta da farin jini a yankin, shi kuwa mutumin ana ganin girmansa, don haka gara a sayar da shi a ɓoye ta.

Saura mako biyu zaɓe na shiga wani gida da samfurin takardar ƙuri'a don in nuna wa mata inda ake dangwalawa. Wata tsohuwa ta karɓa, ta kai ta kusa da ido, ta bi ta da yatsa daga sama har ƙasa.

"Ɗan nan, shi Alhajin yana ina?"

Na ce, "Iya, ai ba a sa hoton mutum. Alamar jam'iyya ce kawai."

"To don me ka sa muka yi wata biyu muna kallonsa a jikin darbejiya?"

Matan suka kwashe da dariya, ni kuwa na rasa ta cewa. Na san INEC ba ta buga suna ko hoton ɗan takara a ƙuri'a, na sha yin zaɓe, amma ban taɓa haɗa wannan da aikin da ke hannuna ba. Tsintsiyar APC, lemar PDP, kwandon kayan marmarin NNPP: abin da babban yatsa ke nema ke nan a lokacin.

Kuma a shekarar Kano ta ɗau zafi. Ko jar hula ko akasinta, babu tsaka-tsaki, har a majalisar shayi. Idan gari ya rabu haka, mutum ba ya tambayar wa aka tsayar, ɓangarensa yake karewa. Kano ta Tsakiya ta ishe mu misali. Malam Ibrahim Shekarau ya bar NNPP ya koma PDP tun watan Agustan 2022, amma sunansa bai fita daga jerin INEC ba. Jama'a suka dangwala wa kayan marmari, aka bayyana shi a matsayin wanda ya ci kujerar sanata a jam'iyyar da yake yaƙa, sai daga baya kotu ta tabbatar wa Rufa'i Sani Hanga, wanda NNPP ta sa a madadinsa, kujerar.

Sai dai da na zauna na yi tunani, ita kanta alamar a wurinmu inuwar mutum ce. Wa ya damu da NNPP a ƙauyenmu kafin Kwankwaso ya shige ta a 2022? Cikin shekara guda kwandon ya zama abin da yara ke zanawa a ƙasa, Kwankwaso ya samu ƙuri'u 997,279 a Kano ranar 25 ga Fabrairu. Haka tsintsiya ta yi a 2015, lokacin da kalmar "sak" ta Buhari ta ɗauki mutanen da ko a unguwarsu ba a san su ba ta kai su Abuja. Ashe ƙaramin ɗan takara irin nawa ba da jam'iyya yake gogayya ba, da wani babban mutum ne da ya riga ya shige cikin alamar.

Ba na cewa mutum ba ya tasiri. A yankinmu ne Barau Jibrin na APC ya riƙe kujerarsa ta sanata a ranar da guguwar NNPP ta kwashe sauran biyun na Kano. Akwai masu yin wake da shinkafa, su ba wannan jam'iyya sama, su ba waccan ƙasa. Amma wake da shinkafa sai an koya wa mutum da hannu: wannan takardar ga inda za ki sa, waccan kuma ga inda za ki sa. Aiki ne na zaure zuwa zaure, fasta ba ta yin sa.

Shi na koma yi a kwanakin da suka rage, kuma ɗage zaɓen gwamna da na majalisar jiha daga 11 zuwa 18 ga Maris ya ƙara mini mako guda. Na daina cewa "ku zaɓi Alhaji". Sai in ce, "Wanda ya gyara muku burtsatse, ga alamarsa," in sa mace ta nuna mini da yatsanta sau biyu kafin in tashi.

Mun ci mazaɓa ɗaya, wadda burtsatsen take. Biyun suka bi guguwa. Ragowar fastocin suna nan damƙam a ɗakina har damina ta faɗi, sannan mai ƙosan bakin makaranta ta roƙe ni su. Har aka yi hutu ɗalibaina suna shigowa aji da fuskar Alhaji ta jiƙe da mai.