Yadda Na Tattara Tarihin Kakanmu a Kumasi

Bayan sadakar bakwai ta kakanmu, wanda ya rasu a gidansa da ke Aboabo aka kai shi maƙabartar Tafo, iyayenmu suka ɗora mini aikin rubuta tarihinsa domin a raba wa dangi ranar addu'ar arba'in, a kuma aika wa jikokin da aka haifa a Jamus da Amurka, waɗanda ba su san shi ba sai ta muryarsa a waya. Na karɓi aikin da farin ciki, domin a ɗakinsa na tashi.

Abin da ya fara tare mini hanya shi ne ladabin mutanenmu. Duk dattijon da na je wa, da zarar mun gaisa na faɗi abin da ke tafe da ni, sai ya ce, "Allah ya jiƙan Malam, mutumin kirki ne, ba shi da abokin faɗa." Maganar gaskiya ce, kuma addini ya hore mu da ambaton alherin mamatanmu, amma ba ta isa a gina tarihi a kanta ba, domin haka ake faɗa a kan kowane mamaci a Zango. Gwaggo ce ta fitar da ni daga wannan matsala. Ta jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gadonsa, ta ce, "Ɗana, ka daina zuwa musu hannu rabbana, ka riƙa tafiya da waɗannan." Cike yake da guntayen katako masu girma ɗaya, kowanne da sunansa a jiki cikin harshen Asantawa da Latin, wasu har da Hausa. A kan guntun odum, wato loko, ya rubuta Chlorophora excelsa, daga baya ya soke ya sa Milicia excelsa, lokacin da masana suka sauya wa icen suna.

Da wannan guntu na je wurin wani tsohon abokin aikinsa a Fumesua, inda cibiyar binciken gandun daji ta Gana take. Tsohon ya juya shi a hannu, ya shinshina, daga nan bai sake bukatar tambaya ba. Ya ba ni labarin yadda suka yi karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, wadda aka buɗe a matsayin kwaleji a 1952 ta zama jami'a a 1961, a zamanin da 'ya'yan Zango da ke cikinta ba su da yawa. Ya bayyana mini aikin da suka shafe shekaru suna yi: a yanka itatuwa iri-iri a kafa su a ƙasa, a riƙa dawowa ana dubawa ana rubuta wanda gara ta fara ci da wanda ya gagare ta. Odum yana daɗewa, shi kuwa farin icen nan mara nauyi da Asantawa ke kira wawa ba ya jure wa ƙasa da ƙwari sai an yi masa magani. Ya kuma ce abin da ya fi damun Kaka shi ne wani ɗan ƙwaro da ke kumbura ganyen odum tun yana dashe, har ya hana shi girma, alhali ana ta sare manyan a daji. Ban taɓa jin ko ɗaya daga cikin waɗannan a gida ba, kuma wannan ya sosa mini rai, domin shekara da shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya.

Tsofaffin ɗalibansa na sakandare, inda ya koma koyar da kimiyya, wani mutum dabam suka sani. A ƙarshen shekarun 1970, lokacin da malaman Gana suka yi ta kwarara Najeriya neman albashi mai tsoka, shi bai tafi ba, kuma a 1983, shekarar fari da gobarar daji da yunwa, wadda aka koro 'yan Gana kusan miliyan ɗaya daga Najeriya, yana nan a aji. Wata ɗalibarsa, wadda yanzu ungozoma ce, ta ce tun da makarantar ba ta da kayan gwaji, sai ya kawo sikeli daga gida da ɗanyen katako, ya sa su auna shi kowane mako suna rubutawa, har nauyin ya daina raguwa, sannan ya tambaye su ina sauran nauyin ya tafi. Ta ƙara da cewa shi ne ya je har zaure ya roƙi mahaifinta kada a cire ta daga makaranta.

Kafintocin unguwar Anloga a Kumasi, waɗanda aka mayar da su unguwar Sokoban, ba su ma san ya taɓa shiga jami'a ba. Sun san shi da dattijon da ke ƙwanƙwasa katako ya saurara, ya ƙi saye idan bai bushe ba, komai ragin da aka yi masa.

A nan ne na fahimci cewa kowane rukuni yanki ɗaya kawai yake riƙe da shi, kuma aikin mai rubutu shi ne ya kai wa wannan abin da wancan ya faɗa. Da na karanta wa Kawu maganar ungozomar, sai ya tuna cewa haka Kaka yake yi wa allunanmu. Duk jikan da zai shiga makarantar allo, shi yake sassaƙa masa allo da hannunsa, kuma sai katakon ya yi watanni a jingine a inuwa kafin ya sa masa zarto, don kada ya lanƙwashe ko ya tsage bayan an fara wanke shi. A cikin littafin da yake rubuta nauyin katako muka tarar da sunayenmu, kowa da surar da ya kai da makin da ya ci a lissafi, mata da maza ba bambanci.

Mun yi saɓani da Kawu a kan abu ɗaya. Kaka mutum ne mai tsanani a kan aiki, yana iya kwance kujerar da ka yini kana haɗawa saboda ƙafa ɗaya ta ɗara sauran, kuma akwai jikokin da suka yi kuka a rumfar da yake aikin katako. Kawu yana ganin bai dace a rubuta ba. Ni kuwa ina ganin wannan ba aibi ba ne da za a suturta, hali ne wanda in an cire shi ba za a gane dalilin da ya sa kujerunsa suke nan daram a masallacin unguwa ba. Muka kai maganar gaban Gwaggo, ta ce a rubuta, amma a haɗa da cewa bayan ya kwance, zama yake yi tare da yaron su sake haɗawa, ko da magariba ta kawo jiki.

An karanta tarihin ranar arba'in, da Hausa ga dattawa, aka kuma buga na Turanci domin jikokin waje. Kayan aikinsa muka ba wani ƙanena da ke koyon kafinta, littattafan da akwatin kuma suna hannun Gwaggo. Tsohon nan na Fumesua ya aiko cewa yana da hotunan aikinsu a dajin Bobiri, kuma mun yi da shi zan je in ɗauko bayan sallar Juma'a mai zuwa, in naɗi muryarsa yana bayanin kowane hoto.